Hure da Ƙwayar Kashe Yunwa

Duk wanda ya san Hure ta Gidan Yuguda, da cinta ya fara saninta. Ba zagi ba ne, ita ma da bakinta take faɗa. A Tsanyawa aka haife ta, gidan bakuna da yawa, tuwo kaɗan, sai ta tashi da zafin hannu. Ranar da aka kawo ta gidan mijinta Muntaka a Gidan Yuguda, ƙasar Ungogo, dangin miji suka aiko da akushin tuwo, suka koma gefe suna jiran a dawo musu da shi yadda ya tafi, tunda amarya mai kunya ba ta wuce loma biyu a ranar farko. Akushi ya dawo a suɗe, har an ɗauraye shi. Uwar mijin ta leƙa cikinsa, ta leƙa ɗakin amarya, ta ce, "To, Allah ya sa hannun da ya yi wannan aika-aikar ya iya riƙe taɓarya."

Ya kuwa iya. Hure ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi dakan gidaje uku ba ta zauna ba. Ta yi ƙuli-ƙuli har tafin hannunta ya koma kamar bayan kunkuru. Abu ɗaya ne ya gagare ta a duniya, yunwa. In kalaci ya makara, idonta ya kaɗa, bakinta ya yi kaifi, yara su watse, kaji ma su canza hanya. Muntaka yakan leƙo daga zaure ya ce, "Jama'a, a ba ta ta ci kafin ta cinye mu." Ita kuma ta ce, "Da kai zan fara, Malam, ko da yake ƙashi ne zalla."

Gona ɗaya gare su, a bayan gari, da kuka a tsakiyarta. Muntaka a kan gonar nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Duk rani yana bayan jaki, daga birni zuwa gona, mangala cike da shara da toka, yana jibgewa tuli-tuli, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi kamar garin tuwo. Hure ta haifa masa 'ya'ya da dama, ƙasa ta karɓe mafi yawansu tun ba su yi wayo ba. Biyu suka tsaya: Sama'ilu ɗan fari, wanda har ta tsufa ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai wannan", da Zakiyya 'yar auta. Da Muntaka ya rasu, Hure ta gama takaba, ta wanke, ta ɗauki fartanyarsa ta nufi gona. Aka ce ta bari, ai tana da ɗa. Ta ce ɗan nata hannu biyu gare shi, gonar kuwa ta fi ƙarfin hannu biyu.

Tun kafin nan birni ya fara rarrafowa. Maƙwabta suka yi ta sayarwa ɗaya bayan ɗaya. Inda da dawa ke rufe mutum da rawaninsa, sai ga katangun bulo an ja an bari, ba rufi ba ƙofa, awaki na kwana a ciki. Mai haɗa cinikin wani dillali ne, Alhaji Fatihu, mai farar riga da igiyar awo a aljihu. Shi in ya kalli gona ba ya ganin kunya ko ɗaya, sai fuloti. Ya zo gidan su Hure ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, barka da hutawa."

"Yaushe na je Makka ban sani ba? Ko kai ka biya mini?"

"Ai in kin so, bana ma sai ki je. Gonar nan taku, Hajiya, zinariya ce kuke takawa."

"To ka bar mana zinariyarmu mu ci gaba da takawa. Ka gaida gida."

Alhaji Fatihu ya yi dariya ya tashi. Bai damu ba. Ya san ba ita kaɗai ce mai kunne a gidan ba.

Sama'ilu ba mugun ɗa ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne mai mata ɗaya, Aina'u, da yara huɗu, da uwa, da gonar da ba ta ƙara faɗi ko taki ɗaya tun zamanin kakansa. Abokansa da suka sayar sun sayi adaidaita sahu, yana ganinsu suna shigowa da yamma da ledar burodi. Wata safiya ya tsuguna a ƙofar ɗakin uwarsa.

"Inna, bara rumbun nan bai kai mu tsakiyar damina ba. Bakuna sun ƙaru. In na samu adaidaita, kullum sai na shigo da cefane."

"Adaidaitar, in an shuka ta tana tsirowa?"

"Inna, don Allah."

"Tambayarka na yi, kai wannan. Ran da ta lalace, tayar za ku dafa?"

A shari'a Hure ba ta da komai a gonar sai tumunin takabarta, sauran na 'ya'yan ne. Sama'ilu ya san haka. Amma ya san kuma abin da aka sayar uwa tana hawaye ba ya albarka, tsoron wannan ne ya riƙe shi. Ya daɗe yana zanen ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "To mu yi haka, Inna. In hatsin da ke rumbu ya kai mu har mu ci tumun bana, na bar maganar, ba zan sake ta da ita ba. In kuwa ya ƙare muka koma awon kasuwa gero bai nuna ba, ki sa albarka a sayar."

"Na ji," in ji Hure. "Amma daga yau ni ke fitar da awo."

Da ya fita, ta sa aka jingina mata tsani ta hau ta leƙa rumbun. Macen da ta shekara arba'in tana raba tuwo ba ta bukatar a ƙirga mata dami. Da ido ta auna, ta ga zai gaza, amma ba da yawa ba. Abin da zai gaza bai wuce cin mutum ɗaya ba. Ta sauko a hankali, don ta san ko wane ne mutumin, wanda ya fi kowa ci a gidan.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga noman fari. Hure ta gwada rage cinta da ƙarfin zuciya. Bai yiwu ba. Kafin rana ta take, fartanya ta yi mata nauyi, ƙasa ta riƙa juyawa da ita. Ta dawo gida ta samu kanta a gindin murhu tana kankare ƙanzo da farce kamar marainiya. Wata rana har ta make jikarta a kan ragowar ɗumame, yarinyar ta yi ta kuka, ita kuma ta shiga ɗaki ta zauna tana kallon hannunta. Awon da ta rage jiya, yau sai ta mayar da shi har da ƙari. Rumbu yana ta yin ƙasa.

Ana cikin haka aka yi suna a maƙwabta, Zakiyya ta zo daga Bacirawa inda take aure. Zakiyya tun haihuwarta ta uku ta yi jiki, ƙawayenta na birni suka sa ta a gaba da tsiya. Ranar sunan aka ajiye mata kwanon shinkafa da nama a kai, ta ture shi gefe. Hure, wadda tun shigowar kwanon idonta ke kansa, ta ce, "Ke lafiya? Ko wani cikin ne kuma?"

"A'a, Inna. Magani nake sha na rage ƙiba. In kika haɗiyi ɗaya da safe, har dare ko sha'awar abinci ba za ki yi ba."

"Wane likitan ya ba ki?"

"Likita kuma? A waya na gani. Wata Hajiya ce ke tallarsa, daga ƙasar waje ake kawo mata. Ki tura kuɗi, ta aiko miki da shi ta hannun mai adaidaita."

"Kin taɓa ganin Hajiyar?"

"Kullum ina ganinta a bidiyo."

"Oh ni 'yasu! Mu a zamaninmu mace mai jiki ita ake cewa ta dace da miji. Yanzu biya ake yi a rame. Ki zo nan ki yi damina ɗaya, kyauta za ki zube."

Mata suka kwashe da dariya, Hure ta jawo kwanon shinkafar gabanta. Amma da suka koma gida, Zakiyya ta bi ta ɗaki ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka. Ta ce gaskiya ta gaji da shi. Ƙirjinta yake sa bugawa, ba ta barci, mijinta ya rantse in ya sake ganin kwalbar sai ranta ya ɓaci. "Ki jefa mini ita a masai, Inna. In na koma da ita sai na sha."

Hure ta karɓa. Ba ta jefa ba. Ta juye ƙwayoyin a tsohon gwangwanin man zafi, ta cusa ƙarƙashin katifa.

Washegari da asuba ta haɗiyi ɗaya. Ta fita gona tana jiran tsohuwar abokiyar gabarta ta zo, ba ta zo ba. Hantsi ya yi, shiru. Rana ta take, shiru. Cikinta ya kwanta lamo kamar an ba jariri nono. Jikinta kuma ya yi wani irin sauƙi, ta noma kunya bayan kunya har Sama'ilu ya miƙe ya riƙe ƙugu yana kallonta. Hure ta tsaya a gindin kuka ta yi dariya ita kaɗai. Tun da aka haife ta yunwa ke jan ta da igiya, yau ga wani ɗan abu bai kai ƙwayar wake ba ya tsinke igiyar.

Saura yadda za ta yi da mutanen gida, don Hure ta ƙi cin abinci labari ne da zai kai Tsanyawa. Sai ta ce ramuwar azumi take yi. Shekarun ciki da goyo ta sha azumi da yawa ba ta rama duka ba, ga shi mutuwa ba ta sallama, gara ta biya tun da sauran ƙarfi. Kuma don kada ta yi wa Allah ƙarya, da gaske take ɗaura niyya. Ta haɗiyi ƙwaya da ruwa kafin kiran asalatu, shi ke nan sahur ɗinta. Da magariba ta kurɓi koko. In Aina'u ta kawo mata kwanon tuwonta, ta karɓa ta shige ɗaki ta sakaya labule. Wa zai bi tsohuwa ɗaki ya ga me ta yi da tuwonta? Da safe tuwon nan ya fito a cikin tukunyar ɗumame, yara su ci, awon safe ya ragu. Kullum in ta auna hatsi, sai ta damƙi rabonta ta mayar.

Gari kuwa ya ɗauka. Mata suna cewa, "Kun ga Inna Hure? Allah mai juya zukata. Matar da ba ta haɗa awa biyu baki a rufe, yanzu kullum azumi." Da ta fara zubewa, zani yana zagaye ta sau biyu, sai aka ce hasken ibada ne. Ba ta barci, ana jin motsinta har asuba, aka ce tsayuwar dare take yi. Liman ma ya yi misali da ita a wajen ɗaurin aure. Ba wanda ya ce, baiwar Allah, zo mu ga idonki. In da yarinya ce ta rame haka, da tuni an tara dangi. Tsohuwa in ta rame, an ce ta kusanci Allah, an huta.

Ita kaɗai ta san abin da ke ciki. Bakinta ya bushe kamar ta tauna ƙaiƙayi. Ƙeyarta na sarawa. In ta sunkuya da fartanya, ƙirjinta ya riƙa dukan kalangu, wani lokaci ya tsaya cak ya sake ɗauka. Sai ta dafa kara ta jira ya wuce. Ga rana, ga noma, ga azumi ba ruwa. Amma duk sanda ta hau tsani ta leƙa rumbu, sai ta ga lissafinta yana tafiya daidai, ta sauko tana cewa a ranta, saura kaɗan.

Sai gwangwanin man zafi ya koma wayam, gero kuwa ko kai bai fitar ba. Yunwar da aka ɗaure ta dawo da fushinta. Hure ta ɗauki kwalbar maganin, wadda ita ma ta ɓoye, ta yafa mayafi ta tafi bakin titi wajen Malam Tahir mai kemis. Ya juya kwalbar, ya karanta, ya ɗago ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Inna, wa ke shan wannan?"

"Mai shansa. Akwai ko babu?"

"Babu, kuma ko akwai ba zan bayar ba. Irin wannan sai da takardar likita, shi ma sai ya auna mutum ya duba zuciyarsa, kuma masu ƙibar da ta zama ciwo ake ba wa. Wannan ɗin ma ban yarda na gaskiya ba ne. Kawo hannunki in auna jininki."

Ta miƙa don ya ƙyale ta. Ya naɗa mata abin awo, ya matsa, ya duba. Ya sake matsawa, ya sake dubawa.

"Inna, jininki ya hau sosai. Yau ɗin nan ki je asibiti, ba gobe ba."

"Hawan jini ai ciwon masu cin maiƙo ne, ɗan nan. Ni da rabona da nama tun suna, me zai hau?"

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa ya kawo ni ba. Ba ni kwalbata."

Asibiti a wajen Hure yana nufin kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin magani, kuma duk daga rumbu za su fito. Ta koma gida ta kama zakaranta ta aika da shi kasuwa. Sannan ta ari wayar Aina'u, aka kira mata Zakiyya, ta fita bayan ɗaki. Ta ce Hajiya Bilki matar mai unguwa ce ke son maganin nan na rage ƙiba, amma kunya take ji, ba ta so kowa ya sani. Zakiyya ta yi dariya ta ce ai Hajiya Bilki ta daɗe da bukatarsa. Ta ce a gaya mata dai ta bi a hankali. Ba ta tambayi komai ba bayan wannan.

Saƙo ya iso a baƙar leda, mai adaidaita ya miƙa a ƙofar gida ya wuce. Wannan karon ba kwalba, ba takarda, ƙwayoyi ne tsirara a ƙulle kamar gishirin naira goma, kuma launinsu daban. Na farko farare ne, waɗannan shuɗaye. Zakiyya ta ce ta tambaya, Hajiyar waya ta turo murya ta ce sabon samfuri ne, ya fi wancan aiki. Hure ta juye su a gwangwaninta. Ita ba ta san karatu ba balle ta nemi rubutu. Abin da ta sani, gero ya fara ɗaukar ciki.

Shuɗayen sun fi aiki, Hajiyar ba ta yi ƙarya a nan ba. Ko kokon magariba ya daina shiga. Hure ta riƙa magana da sauri, ta fara zance ta bar shi a hanya ta kama wani. Ludayi na faɗuwa daga hannunta. Aina'u ta ce wa mijinta, "Anya Inna lafiya take? Azumin nan ya yi yawa." Sama'ilu ya je ya same ta, ta ce, "Kai wannan, tsakanina da Ubangijina ma sai ka shiga? Je ka duba geronka." Ya sunkuyar da kai ya fita. Ɗan fari ba ya ja da uwa a kan ibada.

Marka ta zauna, gero ya fitar da kai ya yi bununi, ido ya fara cika. Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, Hure ta fita korar tsuntsaye. Ta shiga tsakiyar gona, ta kamo wata zangarniya ta murza a tafin hannu, ta ga ƙwayar ta kusa, kwana kaɗan ya rage a karya a gasa. Ta buɗe baki za ta kira ɗanta ya zo ya gani. Bakin ya ƙi. Hannun da ke riƙe da zangarniyar ya saki da kansa. Sama'ilu yana can gefen gona yana gyaran kunya, sai ya ga karan gero suna kwanciya a wuri ɗaya, ba iska.

A adaidaitar maƙwabci aka kai ta babban asibiti a birni, ɓarin jikinta na dama a mace, baki a karkace. Likita ya tambaya ko tana shan wani magani. Sama'ilu ya ce babu, azumi dai take yi. Sai da Aina'u ta koma gida ɗauko mata zannuwa ta ɗaga katifa, ta ga gwangwanin. Ta kawo. Zakiyya na tsaye a bakin gado, tana ganin shuɗayen ƙwayoyin ta ɗora hannu a ka ta zube ƙasa. A nan aka ji komai, har da Hajiya Bilki da ba ta san an yi da ita ba.

Likitan ya zuba su a tafin hannu ya juya. Ya ce shi kansa ba zai iya cewa ga abin da ke ciki ba. Ba suna, ba kamfani, wataƙila ma wanda ya dama su bai san iyakar abin da ya zuba ba. Ya ce ko na gaskiyar ne, ba a ba mai jini irin nata, balle a haɗa da yunwa da rana da ƙishirwa. Zakiyya ta kira Hajiyar waya, lamba a kashe. Ta nemi shafinta, babu shi, kamar ba a taɓa yi ba. Bayan 'yan kwanaki wata ƙawarta ta nuna mata wani sabon shafi, suna daban, murya ita ce, ana ta tallar ƙwayoyi jajaye.

Asibiti ba ya jiran kaka. Hoton kai, allurai, ruwa, gado, kowace safiya da sabuwar takarda. Aka sayar da awaki, aka sayar da keken Sama'ilu, aka bi dangi har Tsanyawa. Ran nan Sama'ilu ya wanke fuska ya tafi gidan Alhaji Fatihu da ƙafarsa. Alhaji ya yi jaje sosai, har da girgiza kai. Ya ce kasuwar fili ta ɗan yi sanyi a 'yan kwanakin nan, amma saboda Hajiya zai yi ƙoƙari. Ya ce kuma shi ba azzalumi ba ne, su girbe amfanin bana.

Mai saye ya ce sai kowane magaji ya sa hannu, har mai tumuni. Aka zo asibiti da mai unguwa da shaidu. Sama'ilu ya durƙusa a gefen gado yana magana ƙasa-ƙasa, bai iya kallon fuskarta ba. "Inna, ki yafe mini. Ranki ya fi gona." Hure ta zuba masa ido. Ta yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito gurnani ne da yawu. Hannun hagun mai rai ta dunƙule shi ta cusa ƙarƙashin zani. Sai aka ɗago na daman, wanda ba ya musu, aka dangwala babban yatsan a tawada aka danna.

"Ta yarda," in ji Alhaji Fatihu. "Allah ya sa albarka."

Kuɗin bai sayi adaidaita ba. Asibiti ya ci rabi, sauran ya bi gashin ƙashi da magungunan da aka ce za ta sha har ƙarshen ranta. Da aka dawo da ita gida an riga an yi girbi. Ranar da Sama'ilu ya hau tsani zai share rumbu don zuba sabon hatsi, ya samu tsohon bai ƙare ba. Dami uku na nan a ƙasa, ba a taɓa su ba. Ya daɗe a kan tsanin. Da ya sauko bai gaya wa kowa ba, amma Hure na kwance a tabarma a tsakar gida, ta ga ya fito da su ɗaya bayan ɗaya. Ta bi su da ido har ya jingine na ƙarshe.

Yunwarta ta dawo, wannan kam ba ta shanye ba. Ta dawo da ƙarfinta na da, sai dai bakin ba ya tauna. Aina'u ta gasa tumu ta murje ta kawo mata don ta ɗanɗana na bana, ya zubo ta gefen baki. Koko ake ɗura mata da cokali, rabi a ciki rabi a zani. Zakiyya ta daina zuwa sosai. In ta zo ma a zaure take tsayawa ta yi kuka ta koma. Masu cewa hasken ibada sun koma cewa son abin duniya ne, tsohuwa da ita me za ta yi da gona. Liman ya samu wani misalin.

Da rani aka sare kukar. Daga inda Hure ke kwance ana jin ƙarar injin buga bulo tun safe har la'asar. Sama'ilu yana cikin masu ɗaukar bulon, ana biyansa da yamma, a kan ƙasar da ubansa ya yi shekaru yana kai wa taki. Hatsin ƙarshe ya ƙare kafin wata damina, rumbun ya zauna ba kowa a ciki har ruwa ya zubar da gefensa. Yanzu a leda ake shigo da awo, kwano ɗaya, wata rana rabi.

Aina'u ce ke rabon tuwo. Jiya da yamma ta kwashe, ta zuba wa mijinta, ta zuba wa yara, ta dama kokon Inna. Nata kwanon ta riƙe shi jim kaɗan, sannan ta rufe ta tura bayan randa. Babbar 'yarta ta ce, "Umma, ke ba za ki ci ba?"

"Na ƙoshi. Ku ci, wannan na ɗumamenku ne."

Hure na kallo daga tabarma. Ta yunƙura, ta buga hannun hagu a ƙasa, ta buga, ta sake bugawa, wuyanta ya ɗaɗɗaure, sautin nan nata ya fito da ƙarfi har kaji suka watse. Aina'u ta taso da sauri da kofin koko.

"Yi haƙuri, Inna, ga shi nan. Yunwa ce ko? Buɗe bakin."